Me ya sa ake raɗa wa jirgin kaya suna, kuma wanne ne ya fi gudu?

Wani ɗan'uwa direban tirela, mai jigila tsakanin Kano da Legas, ya aiko da tambaya: "Na ga hoton wani tsohon jirgin ƙasa na Amurka, na kaya ba na fasinja ba, an ce sunansa Super C, wai a zamaninsa babu jirgin kayan da ya kai shi gudu a duniya. Mu dai mota muka san ana yi wa laƙabi a rubuta a goshinta. Ashe jirgin kaya ma yana da suna? Wa ke raɗa masa, yaushe aka fara, kuma da gaske ne wannan ɗin ya fi kowa gudu?"

Malam direba, Allah ya kiyaye hanya. Super C jirgi ne na gaske, kuma zan zo kansa, amma idan na fara da shi labarin zai zo maka ta wutsiya. Na daɗe ina bin tarihin jigilar kaya ta dogo, kuma abin da na lura da shi shi ne ba kowane jirgin kaya ake raɗa wa suna ba. Mai jan duwatsu ko siminti yawanci lamba ce kawai gare shi, don ko ya kwana uku a hanya dutse bai san an yi ba. Wanda ke samun suna shi ne wanda kayansa ke lalacewa da tafiyar agogo: nama, kifi, ayaba, dabba mai rai, wasiƙa, ko kaya mai tsada da dukiyar mutane ke kwance a cikinsa. Kai da ka taɓa loda kwandunan tumatir a Kadawa ka nufi kasuwar Mil 12, ka san yadda kowace awa da aka ɓata a shinge take fita daga aljihun mai kaya. Sunan jirgin kaya alkawari ne da kamfani ya ɗauka cewa kaya zai isa a lokaci kaza, kuma sanarwa ce ga duk ma'aikacin da ke kan layin cewa wannan ba a tsayar da shi.

Kafin a iya gudu sai da aka koyi tsayawa. Jiragen kayan Amurka na farko ba su da birkin da direba zai ja ya kama duk taragun. Mutane ne ke tafiya a kan rufin taragu, jirgi na gudu, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, idan direba ya busa usur sai su bi tarago ɗaya bayan ɗaya suna murɗa birki da hannu. Da yawa sun faɗo sun mutu, wasu sun rasa yatsu wajen haɗa taragu. A 1869 George Westinghouse ya yi rajistar birkin iska, a 1872 ya gyara shi yadda ko jirgi ya tsinke gida biyu birki zai kama da kansa. A 1873 Eli Janney ya fito da maɗaurin da ke kulle taragu biyu da zarar sun haɗu, ba sai mutum ya shiga tsakaninsu ba. Dokar 1893 ce ta tilasta wa kamfanonin Amurka amfani da su biyun, kuma daga nan jirgin kaya ya sami damar sakin ƙafa.

Ingila, wadda ta haifi jirgin ƙasa, ta makara a nan. Har bayan Yaƙin Duniya na Biyu akasarin taragun kayansu da sarƙa mai zobe uku ake haɗa su, babu birki sai na kan jirgi da na wani ɗan tarago a can wutsiya inda mutum ɗaya yake zaune. Idan aka zo gangara mai tsanani sai a tsaya cak, a sauka a bi taragu ana danne birkinsu da hannu, a gangara a hankali, a sake tsayawa a saki. Irin wannan jirgi da wuya ya wuce kilomita 40 a awa. Saboda haka a can idan aka ce jirgin kaya mai sauri, ana nufin wanda aka ja wa taragunsa bututun birki tun daga kai, kuma su ne 'yan gatan layi.

Dabbobi ne suka fara tilasta sauri. A 1873 majalisar Amurka ta kafa doka cewa ba a barin dabba cikin tarago fiye da awa 28 a jere; dole a sauke ta, a ba ta ruwa da abinci, ta huta, sannan a sake lodawa. Duk wanda ya taɓa sauke shanu daga mota ya sake loda su ya san ba ƙaramin aiki ba ne, ga kuɗi, ga ɓata lokaci, ga ramar dabba. Sai kamfanoni suka ga gara su tsere wa agogo, jirgin shanu ya isa mayankar Shikago kafin wa'adi ya cika. Wajen 1880 kuma wani ɗan kasuwar nama, Gustavus Swift, ya juya cinikin: maimakon a kai saniya gabas da ranta, a yanka ta a Shikago a aika naman cikin tarago mai sanyi.

Sanyin nan ba na inji ba ne, ƙanƙara ce. Kowane tarago yana da rumbu a kowane ƙarshensa, da murfi ta saman rufi. A kan hanya an gina dogayen dakali masu tsayi daidai rufin tarago. Jirgi na tsayawa ma'aikata su turo manyan curin ƙanƙara, kowanne kusan kilo 136, su farfasa da sanduna masu tsini, su zuba ta murfin, in nama ne su bi da gishiri don sanyin ya ƙara kamawa, jirgi ya ja. Kamfanin Pacific Fruit Express, wanda Union Pacific da Southern Pacific suka haɗu suka kafa a 1906, da haka ya riƙa kai lemo da latas da inabin Kalifoniya har gaɓar gabas, tafiyar fiye da kilomita 4,500. Jirgin ganye da ke tashi daga kwarin Salinas daga baya ya sami nasa sunan, Salad Bowl Express, wato jirgin kwanon ganye.

Ayaba ta fi kowa shagwaɓa. Zafi ya nunar da ita kafin a isa, sanyi in ya yi yawa ya baƙanta ta. Wajen digiri 13 zuwa 14 take so. Jiragen ruwa na sauke ta a New Orleans, kamfanin Illinois Central ya kwasa ya yi arewa zuwa Shikago, kuma tare da jirgin akwai ɗan rakiyar ayaba, mutumin da aikinsa duk inda aka tsaya ya bi taragu yana auna zafin ayabar, ya buɗe kafar iska ko ya rufe, da hunturu kuma a sa wa taragun abin ɗumi. Wani ƙaramin gari, Fulton a jihar Kentucky, inda ake ƙara wa taragun ƙanƙara, har ya riƙa kiran kansa babban birnin ayaba na duniya saboda yawan wadda ke ratsa shi.

Amma jirgin da na fi so a duk tarihin nan shi ne na siliki. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon shekarun 1930, ɗanyen siliki na tasowa daga Yokohama ta Japan a jirgin ruwa, a sauke shi a Vancouver ta Kanada ko Seattle ko San Francisco, masaƙun kuwa suna can wajen New York, nahiya guda a tsakani. Lodin jirgi ɗaya yakan kai miliyoyin daloli na wancan zamani. Da bashin banki aka saye shi, kuɗin ruwa na hawa kullum, inshora da awa ake lissafa ta, ga farashi a kasuwar New York yana iya sauka kafin kaya ya isa. Saboda haka tun jirgin ruwa bai gama ɗaurewa ba taragu na jere a bakin tasha, 'yan dako na tsaye, siliki shi ne farkon fita. Taragun an ɗora su a kan ƙafafu irin na jirgin fasinja, an lilliƙe su saboda ƙura da laima, ga masu gadi da bindiga. Idan ya tashi, duk abin da ke kan layi sai ya kauce masa, har jiragen fasinja na alfarma: attajirai na zaune a layin gefe suna jira, dilolin zare su wuce su. Inda za a canza kan jirgi, sabon na tsaye da wutarsa a hure, cikin 'yan mintoci an sauya an wuce. Kamar kwana huɗu an ƙetare nahiyar. Ma'aikatan Kanada Silker suke ce masa, kamar ka ce ɗan siliki.

Yadda ya mutu shi zai nuna maka tushen al'amarin. Bayan karyewar tattalin arziki ta 1929 farashin siliki ya faɗi warwas, kuɗin ruwa da inshora suka daina ciwo, sai Japanawa suka ga ya fi araha jirgin ruwa ya bi ta mashigin Panama ya kai kaya New York kai tsaye, ko da zai ƙara kwanaki. Dogo na nan lafiya lau, kan jirgi bai gaji ba. Awa ce ta daina tsada, jirgin kuma ya ɓace.

A bakin ma'aikata, kalmomi ne suka riga sunaye. Tarago mai kayan gaggawa akan manna masa kati mai jan ɗigo, duk wanda ya gani ya san ba a ajiye shi. Daga nan irin wannan kaya ya zama red ball, jar ƙwallo. Kalmar ta yi nisa har ta bar dogo: a 1944, bayan sojojin ƙawance sun shiga Faransa, ayarin manyan motocin da ya riƙa kai musu mai da harsashi dare da rana Red Ball Express aka kira shi, kuma akasarin direbobin baƙaƙen fatar Amurka ne. Jirgi mai gudu hotshot suke ce masa, mai nauyi da ke tafiyar hawainiya kuma drag, mai jan ciki. Akwai kuma highball, daga wata tsohuwar sigina, ƙwallo da ake ɗagawa saman sanda idan hanya a buɗe take. Siginar ta daɗe da shuɗewa, amma har yau idan aka faɗa wa direban jirgin Amurka wannan kalma ya san an sallame shi.

Sunayen kamfani kuwa, waɗanda ake bugawa a jarida, ku ne sanadinsu, malam direba. A shekarun 1920 kwalta ta yawaita, manyan motoci suka fara kwashe ƙananan kaya masu riba, domin mota na zuwa ƙofar shago, jirgi kuwa sai an bi shi tasha. Kamfanin dogo na Pennsylvania ya raɗa wa jiragen kayansa da dama suna a lokacin, ciki har da Man O' War, sunan wani shahararren dokin sukuwa, da Gas Wagon mai tashi daga Detroit, garin ƙera motoci. Ranar 1 ga Oktoba 1931, ana tsakiyar matsin tattalin arziki, wani kamfani da bai kai su girma ba, Cotton Belt, ya tayar da Blue Streak daga St. Louis, shuɗiyar walƙiya ke nan: a loda da yamma, da safe kaya na shagunan jihar Arkansas. Daga baya aka miƙa shi har Los Angeles tare da Southern Pacific, kuma sunan ya rayu fiye da shekara 60. A 1935 Southern Pacific ya fito da Overnight, dare ɗaya, tsakanin San Francisco da Los Angeles, inda motar kamfanin ke karɓo kaya a ƙofar mai shi da yamma, wata motar ta ajiye a ƙofar mai karɓa da safe. New York Central ya biyo da Pacemaker a 1946, ya shafe taragunsa da ja da ruwan toka don a gane su daga nesa.

A Ingila ne laƙabin ya fi daɗi a wurina, domin daga ƙasa ya taso, ba daga ofis ba. Jiragen kayan kamfanin Great Western da dare suke tafiya, kuma mutumin da ke ɗakin sigina da ƙarfe biyun dare ba zai tsaya yana cewa jirgin ƙarfe kaza daga wuri kaza zuwa wuri kaza ba. Da kayan da ya san jirgin da su yake kiran sa. Mai tashi daga Reading, inda masana'antar biskit ta Huntley & Palmers take a lokacin, The Biscuit ne. Na Bristol, garin sarrafa taba, The Bacca, yadda bakinsu ke taƙaita sunan taba. Na Worcester The Sauce, saboda sanannen romon da ake yi a garin; na Kidderminster, garin saƙar darduma, The Carpet. Akwai The Spud, dankali a bakin talakawansu, akwai The Early Riser, mai sammako, akwai The Farmer's Boy, yaron manomi, har da The Flying Pig, alade mai tashi sama. Daidai yake da yadda za ka ji a tasha an ce mai albasa ta iso, kowa ya san motar da ake nufi ba a kira lamba ba. Kamfanin ya ga sunayen sun kama, bai hana ba, sai ma ya buga su a ɗan littafin da yake raba wa 'yan kasuwa. Na ɗauki wannan a matsayin girmamawa ga ma'aikacin dare, wanda ba a ganinsa amma shi ke riƙe da alkawarin.

Abokin gasarsu na gabas, kamfanin dogo na LNER, yana da tsarin da ya kira Green Arrow, koriyar kibiya: ka ƙara ɗan kuɗi a manna wa kayanka alamar, a bi sawunsa har ya isa. A 1936 da injiniyansu Nigel Gresley ya ƙera sabon samfurin kan jirgi mai iya jan kaya da gudun fasinja, na farkonsu wannan sunan aka ba shi. Kifin Aberdeen kuwa sai ya kwana a hanya ya wayi gari a kasuwar Billingsgate ta Landan, kuma a nan wata matsala ta fito da za ka gane ta tun kafin in gama. Tsofaffin taragu ba boris ne a ƙafarsu ba, akwati ne da aka cusa tsumma jiƙe da mai, ƙarfe na gugar tagulla. In gudu ya yi yawa mai ya ƙone, akwatin ya yi ja, tsumma ya kama wuta, wani lokaci sandar ƙafar ta karye jirgi ya sauka daga layi. A ƙarshen shekarun 1950 aka sa wa taragun kifi boris, aka ɗiga musu shuɗin fenti a jiki don a bambanta su, suka zama Blue Spot. A 1959 kuma aka tayar da Condor tsakanin Landan da Glasgow, tafiyar kamar awa 10 da dare. An yanko sunan daga kalmomin Ingilishi masu nufin kwantena daga ƙofa zuwa ƙofa, ya kuma dace da sunan wata ƙatuwar ungulu ta duwatsun Kudancin Amurka. Shi ya share wa Freightliner, tsarin jiragen kwantena na Birtaniya, hanya a 1965.

To, ga Super C ɗinka. Ranar 17 ga Janairu 1968 kamfanin Santa Fe ya tayar da shi daga Shikago zuwa Los Angeles, kimanin kilomita 3,500, ɗauke da bodin tirela da kwantena a kan taragu masu shimfiɗaɗɗen baya. Jadawalinsa awa 40 ne, an yarje masa ya taka har kilomita 127 a awa, tafiyar farko kuwa cikin awa 34 da minti 35 ya yi ta. Raba ka gani: ya haura kilomita 100 a kowace awa, da tsayawar shan mai da canjin ma'aikata da hawan duwatsu duk a ciki. Jirgin fasinjan alfarma na kamfanin, Super Chief, kusan awa 40 yake yi tsakanin biranen nan biyu. Dogon Legas zuwa Kano bai kai kilomita 1,200 ba. Da irin wannan tafiya, jirgin da ya bar Kano bayan magariba zai shiga Legas da fitowar rana. A zamaninsa, a doguwar tafiya irin wannan, kirarin da aka yi masa bai wuce gona da iri ba.

Amma bai yi kasuwa ba. Kuɗin ɗaukarsa ya fi na sauran jirage sosai, masu kaya kaɗan ne suka yarda su biya, sau da yawa da 'yan taragu ƙalilan yake tashi. Wasiƙun gidan waya ne suka riƙe shi, da kwangilar ta kuɓuce a 1976 aka soke shi. Ɗan kasuwa ya nuna abin da yake so: a ce masa kayansa zai isa Alhamis da safe, kuma ya isa Alhamis da safe, wannan mako da mako mai zuwa. Rage masa awa goma a hanya ba ya ƙara masa komai idan sitonsa a rufe yake lokacin da jirgin ya iso.

In ta allurar gudu ce zalla, an wuce Super C nesa ba kusa ba. Daga 1984 zuwa 2015 gidan wayar Faransa yana da nasa TGV, wato jirgin ƙasar nan mai tsananin gudu na Faransa, fenti rawaya, babu kujera ko ɗaya a ciki sai akwatunan wasiƙa masu taya, yana taka kilomita 270 a awa da dare. Italiya ta gwada irinsa a 2018 da sunan Mercitalia Fast, tsakanin Caserta da Bologna. Sai dai waɗannan jiragen fasinja ne aka cire wa kujeru, kayansu marasa nauyi. Kowace sandar ƙafar TGV tan 17 take ɗauka iyaka, ta jirgin kayan Amurka kuwa tana haura tan 30. Nauyi irin wannan in ya yi gudu yana cin dogo, yana kuma buƙatar doguwar tazara kafin ya tsaya. Na Faransa ya daina da wasiƙun gaggawa suka ragu, na Italiya ma bayan 'yan shekaru aka dakatar da shi.

Wanda na so ka lura da shi na Japan ne. Tun a 1959 suka tayar da jirgin kwantena tsakanin Tokyo da Osaka mai suna Takara, wato dukiya. A 2004 suka fito da Super Rail Cargo, mai inji gaba da baya, yana taka kilomita 130 a awa, ya haɗa biranen biyu cikin kamar awa 6 da dare, kuma kamfanin aika saƙo guda, Sagawa, ya yi shatarsa gaba ɗaya. Faɗin layin da yake bi milimita 1,067 ne, daidai da tsohon layinmu na Legas zuwa Kano. Saboda haka idan ka ji an ɗora duk laifin jinkiri a kan ƙanƙantar layi, ka san ba nan kaɗai gizo ke saƙa ba. Kula da dogon, da sigina, da tsayawa kan jadawali su ne manya. Dogonmu da ya iso Kano a 1911 gyada da auduga da fata ya fi ja, kuma gyada tana da haƙuri: a da ana tara ta dala-dala ta jira tarago wata da watanni. Tumatir da tattasai da shanu, irin kayan da suka haifi jiragen nan masu suna a wasu ƙasashe, yau a bayan motocinku suke, kuma abin yana damuna duk lokacin da na ga kwando na ɗiga a gefen titi.

Inda lokaci ya fi mutuwa a jirgin kaya ba a kan hanya ba ne, a filin rarraba taragu ne. Jirgin gama-gari yana ɗauke da taragu masu zuwa garuruwa daban-daban. In ya shiga irin wannan fili sai a tura shi a hankali kan wani ɗan tudu, a riƙa kwance taragu ɗaya ɗaya suna gangarawa da nauyinsu, kowanne a karkata shi layin garin da za shi, ya zauna har a tara waɗanda suka isa jirgi guda. Mafi girmansu a duniya shi ne Bailey Yard a jihar Nebraska. Tarago yakan shafe kusan awa 24 a kowane fili, kuma yana iya ratsa biyu ko uku kafin ya isa. Jirgin da ya tsallake wannan, ko da gudunsa matsakaici ne, ya riga kowa. Shi ya sa Juice Train, jirgin ruwan lemo da kamfanin Tropicana ya fara a 1970 daga Bradenton ta Florida zuwa New Jersey, kusan kilomita 2,000, ya daɗe inda Super C ya kasa: kaya iri ɗaya, mai shi ɗaya, daga ƙofa ɗaya zuwa ƙofa ɗaya, kuma akwai masu shan lemon kowace safiya.

Wuri na biyu da lokaci ke mutuwa shi ne layi ɗaya tal, inda jirgi biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya ratse gefe. A nan ne suna ke aikinsa na gaske. Mai ba da hanya na zaune da dare, jirage biyar ko shida na tunkarar juna a yankinsa, dole ya zaɓi wanda zai jira. Lamba yana iya mantawa da ita. Amma a zamanin Blue Streak, in an ce shi ne ke tafe, ya san in ya tsayar da shi minti goma gobe da safe sai ya yi bayani, ma'aikatan tashar gaba kuma tuni sun fito sun tsaya a bakin layi.

Yau kwamfuta ta mayar da akasarinsu haruffa da lambobi. A kamfanonin dogo na Amurka BNSF da Union Pacific, jirgin da alamarsa ta fara da Z shi ne na gaba a daraja, yawanci kwantena da tirelolin kamfanonin aika saƙo irin su UPS. A Birtaniya in ka ga lamba ta fara da 4, jirgin kaya ne da aka yarje wa kilomita 120 a awa, in S ta biyo kuma Scotland ya nufa. Duk da haka bakin ma'aikata bai daina ba: jirgin da ke kai kayan kantunan Tesco arewa jirgin Tesco suke ce masa, mai kwashe sharar birane kuma Binliner, sunan ledar kwandon shara. Sinawa kuwa jiragen kwantenarsu masu zuwa Turai ayarin raƙuman ƙarfe suke kiran su, suna tuna fataken da suka bi wannan hanya da siliki. Na farkon da ya tashi daga Yiwu zuwa Madrid a Nuwamba 2014 ya ci kimanin kilomita 13,000 cikin kwana 21, ya riga jirgin ruwa, ya kuma fi jirgin sama araha. Sau uku faɗin layi ya canza masa, a iyakar Sin da Kazakistan, a iyakar Belarus da Poland, da kuma iyakar Faransa da Sifaniya, kuma a kowacce sai da aka tsaya aka daidaita kayan da sabon layi kafin a ci gaba.